Aikatau Mai Rakiya a Harshen Ingilishi: Wuyarsa da Sauƙinsa ga Bahaushe Mai Koyo



Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ɗalibin da ya shigo jami'a bayan ya yi shekara goma sha biyu a makarantar boko ya san ma'anar kalmar Ingilishi "put", ya san "up", ya kuma san "with". Amma in aka jera masa su uku aka ce "I cannot put up with him", sai a ga ya tsaya yana lalube, domin babu ajiyewa a cikin maganar, babu kuma sama. Abin da ake nufi shi ne "ba zan iya jure halinsa ba". Ga kalmomi uku, kowacce sananniya ce, amma da suka haɗu sai suka haifi ma'anar da ba ta kama da ko ɗaya daga cikinsu.

Irin wannan haɗi shi ne masu nahawun Ingilishi suke kira "phrasal verb". A wannan lacca za a kira shi aikatau mai rakiya, ita kuma ƙaramar kalmar da take biye da aikatau, irin su "up" da "off" da "out", za a kira ta ɗan rakiya. Matsalar ba ta tsaya a ɗakin jarrabawa ba, tana bin mutum har asibiti da ofis da kotu, inda rashin fahimtar kalma mai haruffa biyu kan juya magana gaba ɗayanta. Abin da laccar take son ta tabbatar shi ne, Bahaushe ba baƙo ba ne ga aikin da ɗan rakiya yake yi, domin harshensa yana yin wannan aiki kullum ta wata hanya dabam, kuma wanda ya gane haka ya rage wa kansa rabin wahala.

Mene ne aikatau mai rakiya?

Aikatau mai rakiya shi ne aikatau wanda ya haɗu da ƙaramar kalma ɗaya ko biyu, suka zama tamkar kalma guda wajen ma'ana. Yawancin aikatan da suke shiga wannan haɗi gajeru ne masu gaɓa ɗaya, irin waɗanda yaro yake fara koya: "go", "come", "get", "take", "put", "give", "look", "turn". 'Yan rakiyar kuwa asalinsu kalmomi ne masu nuna wuri ko inda aka nufa: sama, ƙasa, ciki, waje, baya.

Ta fuskar ma'ana ana iya kasa su kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda ma'anarsu take a fili, kamar "sit down" da "come in" da "go back", wato zauna, shigo, koma. Kashi na biyu su ne waɗanda aikatau ya riƙe ma'anarsa, ɗan rakiya kuwa ya ƙara wani abu da ba wuri ba. Alal misali "eat up" ba cin abinci a sama ba ne, cinyewa ne, kuma "read on" ci gaba da karatu ne. Kashi na uku su ne waɗanda suka zama salon magana, ba a gane su sai an koya: "give up" shi ne haƙura da abu ko daina shi, "turn up" shi ne ɓullowa a wurin da ake jiran mutum, "fall out" kuwa ɓatawa tsakanin abokai. Galibin kukan ɗalibai a kan kashi na uku yake, amma mabuɗin al'amarin yana cikin kashi na biyu, kamar yadda za a gani nan gaba.

Taƙaitaccen tarihi

Tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi magana da shi kafin ƙarni na 12, ya fi liƙa irin waɗannan ƙananan kalmomi a goshin aikatau. Ragowar wannan tsari ita ce ake gani a "understand" da "overcome" da "withstand". Jamusanci, wanda yake ɗan'uwan Ingilishi ne, har yanzu yana riƙe da tsarin: "aufstehen" shi ne tashi, amma in mutum zai ce ya tashi sai "auf" ta rabu ta koma ƙarshen jimla. A Ingilishi kuwa, sannu a hankali ɗan rakiya ya bar goshi ya koma bayan aikatau, ya zauna a can. Shi ya sa ake samun tagwaye masu ruɗarwa: "take over" karɓar ragama ne, "overtake" wuce mota a hanya, "look over" dubawa ne, "overlook" kuwa kau da kai ko rashin lura, "set up" kafawa ne, "upset" ɓata rai.

A shekarar 1066 Normawa suka ƙetaro daga arewacin Faransa suka ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, ga kuma Latin a hannun malamai. Daga nan Ingilishi ya ari dubban kalmomi, har ya zama abu ɗaya yana da suna biyu, ɗaya na gida ɗaya na aro: "put off" da "postpone", "find out" da "discover", "put out" da "extinguish", "go on" da "continue". Na gida shi ne na hira da kasuwa, na aro shi ne na takarda da majalisa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda yake da "gane" da "fahimta", da "gama" da "kammala", da "mutuwa" da "wafati", inda na biyun suka zo daga Larabci suka kuma fi nauyi a kunne. Wani abin lura shi ne, kalmomin aron nan su ma haɗi ne a harshensu na asali. "Postpone" ta fito ne daga kalmomin Latin biyu masu nufin "baya" da "ajiye". Ashe dabarar ɗaya ce, sai dai an ɗinke ta yadda ba a ganin ɗinkin.

Tun a shekarar 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa cewa wannan haɗi yana daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da baƙi masu koyon Ingilishi, ya kawo misalai irin su "bear out" da "give over" da "set out". Sunan "phrasal verb" kuwa ya bazu ne ta littafin Logan Pearsall Smith na 1925, wanda ya ce ya samo shi daga Henry Bradley, ɗaya daga cikin editocin babban ƙamusun Oxford. Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kansa a 1971, sa'an nan a 1975 Cowie da Mackin suka fitar da ƙamus na musamman domin masu koyo. Wato matsalar tsohuwa ce, ba ɗaliban wannan ƙasa suka fara karo da ita ba.

Inda wuyar take

Wuya ta farko ita ce yawan ma'ana. A ɗauki "take off": jirgin sama ya tashi, mutum ya tuɓe riga, ma'aikaci ya ɗauki hutun kwana ɗaya, ciniki ya kankama, duk da wannan haɗi ɗaya ake faɗinsu. Haka "make up": ƙaga labari, shiryawa bayan faɗa, yin kwalliya, cike abin da ya rage. "Go off" ta fi su ruɗarwa, domin in an faɗe ta a kan fitila, ta mutu ke nan; in a kan ƙararrawar agogo ce, ta kaɗa; in a kan madara ce, ta lalace; in kuwa a kan bindiga ce, ta tashi.

Wuya ta biyu ita ce, canja ɗan rakiya kaɗai ya isa ya canja labari. Wanda aka ce masa majinyacinsa "has passed out", suma ya yi; in aka ce "has passed away", rasuwa ya yi. Taron da aka yi wa "put off" an ɗage shi ne, za a sake sa rana. Wanda aka yi wa "call off" an soke shi. Mota takan yi "break down", ɓarawo yakan yi "break in", annoba takan yi "break out", makaranta kuma takan yi "break up" in an ba da hutu. Hausawa suna cewa ba a raina allura, ƙarfe ce. Haka ɗan rakiya yake, ƙarami a ido, amma a kansa nauyin jimla yake.

Wuya ta uku ita ce jerin kalmomi. A nan akwai rukuni huɗu. Na farko ba ya ɗaukar karɓau ko kaɗan: "The car broke down." Na biyu yana ɗaukar karɓau, kuma ana iya raba aikatau da ɗan rakiyarsa. Na uku yana ɗaukar karɓau amma ba ya rabuwa, kamar "look after" da "come across". Na huɗu shi ne mai 'yan rakiya biyu, kamar "run out of" da "get away with" da "look forward to", shi ma ba ya rabuwa. A duba waɗannan jimloli:

1. The driver turned off the engine.
2. The driver turned off the road.

A ido kamar ginin ɗaya ne, amma ba haka ba ne. A ta farko direba ya kashe inji, kuma ana iya cewa "turned the engine off". A ta biyu ya ratse daga hanya, "off" ɗin tana riƙe ne da sunan da ke bayanta, ba ta matsawa. Bambancin yana fitowa fili in aka sa wakilin suna a madadin suna. Ta farko sai ta zama "turned it off", ta biyu kuwa "turned off it". Ƙa'idar ita ce, a rukuni mai rabuwa tilas wakilin suna ya shiga tsakiya: "pick it up", "write them down", "ring her up". In kuwa karɓau dogo ne ƙwarai, sai a bar ɗan rakiya kusa da aikatau, don kada mai sauraro ya manta da shi kafin a kai ƙarshen jimla.

Akwai kuma tarkon da yake kama masu rubuta wasiƙar neman aiki. "To" ɗin da ke cikin "look forward to" suna take nema a bayanta, saboda haka abin da ya dace shi ne "I look forward to hearing from you", ba "to hear" ba. Daɗin daɗawa, akwai batun nauyin murya. In haɗin aikatau ne, nauyi yakan faɗa a kan ɗan rakiya, in kuwa ya rikiɗe ya zama suna, sai nauyi ya dawo gaɓar farko, a kuma haɗe shi a rubuce: "to break down" amma "a breakdown", "to hand over" amma "a handover". Ta wannan hanya aka samu "lockdown", wadda Hausawa suka kira dokar kulle a shekarar 2020.

Abin da bincike ya nuna

Ɗalibin da ya buɗe ƙamusun aikatau mai rakiya ya ga dubban kalmomi yana iya karaya. To amma ƙididdiga ta nuna abin bai kai haka ba. A shekarar 2007 Gardner da Davies suka bincika wani rumbun rubutu da maganganun Ingilishin Birtaniya mai kalmomi miliyan 100. Sun gano cewa mai koyo zai riƙa karo da aikatau mai rakiya sau ɗaya a cikin kowace kalma 150, wato ba abin da za a iya kauce wa ba ne. Amma sun kuma gano cewa aikatau 20 kacal, in sun haɗu da 'yan rakiya 8, su ne suka ɗauki fiye da rabin dukkan wuraren da haɗin ya fito. 'Yan rakiyar su ne "out", "up", "on", "back", "down", "in", "off", "over". Waɗanda suka fi yawan fitowa sun haɗa da "go on" da "carry out" da "set up" da "pick up" da "go back". A shekarar 2015 kuma Garnier da Schmitt suka tsara jeri na guda 150 da suka fi yawa, suka tace ma'anoninsu mafiya amfani, suka tashi da 288. Wannan adadi ne da ɗalibi zai iya ƙwarewa a kansa cikin shekarar karatu guda ba tare da ya takura ba.

Wani bincike mai amfani shi ne na Dagut da Laufer a 1985, wanda ya nuna ɗalibai masu magana da Ibrananci suna guje wa aikatau mai rakiya, suna zaɓen kalma guda ta aro, domin harshensu ba shi da irin ginin. Da Hulstijn da Marchena suka gwada ɗaliban ƙasar Holan a 1989, waɗanda harshensu yake da shi, sai suka tarar ba sa gudunsa baki ɗaya kamar na farkon. Darasin da ke ciki shi ne, abin da mutum ya zo da shi daga gida yana da tasiri a kan abin da zai iya ɗauka a waje. Tambayar da ta rage ita ce, me Bahaushe ya zo da shi?

Guzurin Bahaushe

A shekarar 1960 F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya tsara aikatan Hausa aji bakwai, gwargwadon wasalin ƙarshe da karin sauti, kuma a kan wannan tsari ake koyar da nahawun Hausa. Abin da tsarin ya nuna shi ne, saiwa ɗaya takan ba da ma'anoni da yawa ta hanyar sauya ƙarshenta: saya, saye, sayar, sayo, sayu, zuba, zube, zubar, zubo. In aka ɗora wannan a kan Ingilishi sai a ga abin mamaki: aikin da ɗan rakiya yake yi daga wajen kalma, shi ne wasalin ƙarshe yake yi daga cikinta.

A fara da aji na huɗu, mai ƙarewa da "e", wanda yake nuna an yi abu gaba ɗaya ko an raba shi da inda yake:

3. Ya sayi hatsi, ya saye hatsin: buy, buy up.
4. Ya ci tuwo, ya cinye tuwon: eat, eat up.
5. Ya sha fura, ya shanye furar: drink, drink up.
6. Ya yanka nama, ya yanke igiya: cut, cut off.
7. Ya ɗauki kaya, ya ɗauke kayan: take, take away.

Duk Bahaushen da ya san bambancin ɗan kasuwar da ya sayi gero da wanda ya saye geron kasuwa, ya riga ya san abin da "up" take yi a "buy up" da "use up" da "fill up" da "tear up". Ba sabon tunani ake koya masa ba, sabuwar riga ce aka sa wa tsohon tunani.

Aji na biyar, mai ƙarewa da "ar", yana nuna abu ya bar hannun mai aikin ya yi nisa da shi. Jefa da jefar su ne "throw" da "throw away". Ba da bayar su ne "give" da "give away". Zuba da zubar su ne "pour" da "pour away". Aji na shida kuwa, mai ƙarewa da "o", yana nuna motsi zuwa wajen mai magana, kuma a nan ne kwatancin ya fi ban sha'awa, domin harsunan biyu sun yi musayar matsayi:

8. fita, fito: go out, come out.
9. shiga, shigo: go in, come in.
10. koma, komo: go back, come back.
11. sauka, sauko: go down, come down.

A Hausa saiwar kalma ita ce take faɗin hanyar da aka bi, waje ko ciki ko ƙasa, wasalin ƙarshe kuma ya faɗi ko an nufo mai magana. A Ingilishi aikatau ne yake faɗin ko an nufo mai magana, ɗan rakiya kuma ya faɗi hanya. Kaya ɗaya ne, amma wanda wancan ya ɗora a ka, wannan ya rataya a kafaɗa. Saboda haka in ɗalibi ya ji "bring out" ko "take out", maimakon ya fassara kalma da kalma, sai ya tambayi kansa: fito da shi ake nufi, ko fitar da shi?

Ko kashi na uku, wato masu kama da salon magana, Hausa ba ta rasa takwarorinsu ba. Baturen da yake koyon Hausa ya san "ci" ya san "gaba", amma wannan bai isa ya gane "ci gaba" ba. Balle ya ji an ci amana, an ci bashi, an ci jarrabawa, an ci karo, an ci mutunci. Ko an sha kashi, an sha iska, an sha alwashi. Ko an ja kunne, an sa baki, an kashe aure, an buga waya. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 ya duba abin da aka jera a ƙarƙashin "ci" zai tausaya wa baƙon Hausa kamar yadda yake tausaya wa kansa a gaban "get". Bambancin kawai shi ne, Hausa takan haɗa aikatau da suna, sau da yawa sunan wata gaɓa ta jiki, Ingilishi kuwa da kalmar wuri. Har ma sukan yi kusa da juna: "ci gaba" da "go on", "ci karo da" da "run into", "ba da kai" da "give in", "sa ido" da "look out". Babu yaron Hausa da aka taɓa zaunarwa aka ce ya haddace jerin ma'anonin "ci". A cikin magana ya tsince su, kowace da muhallinta.

Sai dai wajibi ne a yi gargaɗi. Kwatancin nan tsani ne na hawa, ba ma'auni ba ne da zai dace a ko'ina. Ba kowace "up" ce take daidai da aji na huɗu ba: a "turn up" da "look up" da "bring up" wani aiki take yi dabam. Haka kuma "slow up" da "slow down" ma'anarsu ɗaya ce ko da yake sama da ƙasa kishiyoyi ne, kuma takardar da mutumin Ingila yake yi wa "fill in" ita ce mutumin Amurka yake yi wa "fill out". Harshe yana da ƙa'ida, yana kuma da al'ada, kuma inda suka saɓa al'ada ce take rinjaye.

Ingilishin Nijeriya

Yana da kyau a dubi yadda 'yan ƙasar nan suka sarrafa wannan gini. Wani lokaci akan yar da aikatau a riƙe ɗan rakiya, a ce "off the light" ko "on the fan". Wannan ya nuna kunne ya riga ya gane inda ma'ana take, amma a rubutun jarrabawa "switch off" da "turn on" ake nema. Wani lokaci kuma ɗan rakiya ake yarwa, a ce "pick the call" a madadin "pick up". Akan kuma ƙara shi inda ba a bukatarsa, kamar "cope up with" da "discuss about". Sa'an nan akwai musaya, inda shugaban taro zai ce zai yi "round up", alhali a Ingilishin Birtaniya wannan tattaro dabbobi ne ko kame masu laifi, rufe jawabi kuwa "round off" ne.

Ba duka ne za a kira kuskure ba. A watan Janairu na 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da wasu kalmomin Ingilishin Nijeriya, daga cikinsu har da "flag off", wato ƙaddamar da aiki, da kuma "Kannywood". Harshen da ya yi shekara fiye da ɗari a wuri dole ya ɗauki ƙanshin wurin. Abin da ake bukata ga ɗalibi shi ne ya san wanne ne na gida, wanne ne zai karɓu a ko'ina, ya kuma san lokacin kowanne.

Shawarwari ga malamai da ɗalibai

Na farko, a daina ba ɗalibai dogon jeri bisa tsarin abacada a ce su haddace. Jera "get at" da "get by" da "get on" da "get over" a allo ɗaya ruɗani yake ƙarawa, domin babu abin da ya haɗa su sai kama. Ya fi amfani a tara su ta wajen ɗan rakiya: a ɗauki "off" a nuna tana nufin rabuwa ko tashi ko yankewa, kamar a "set off" da "cut off" da "call off", a ɗauki "out" a nuna fita da ƙarewa da bayyana, kamar a "run out" da "wear out" da "find out", a ɗauki "down" a nuna raguwa da tsayawa da rubutawa, kamar a "cut down" da "close down" da "take down".

Na biyu, a fara da waɗanda suka fi yawa, da ma'anoninsu da suka fi yawa. Ma'ana ta farko da ta biyu ta "carry out" da "set up" da "point out" sun fi wa ɗalibi amfani a kan salon magana hamsin da ba zai ji su ba sai a littafi.

Na uku, kada a rubuta haɗin shi kaɗai. A rubuta shi cikin jimla, tare da irin karɓan da yake tafiya da shi, a kuma gwada shi da wakilin suna don a san ko mai rabuwa ne. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ma makaranta ce, domin kullum tana ce masa "log in" da "sign up" da "back up" da "top up".

Na huɗu, a koyar da tagwayen tare, na gida da na aro, a kuma nuna muhallin kowanne. Wanda ya ce wa abokin ɗakinsa "extinguish the lamp" bai karya nahawu ba, amma ya yi kamar wanda ya sa babbar riga da rawani zai je ɗiban ruwa. Haka nan ba daidai ba ne a ɗauka cewa aikatau mai rakiya ba ya shiga rubutun ilmi, domin "carry out" da "point out" da "set out" sun cika littattafan masana.

Na biyar, kada malamin Ingilishi ya ji kunyar kawo Hausa cikin ajinsa a wannan darasi. Minti biyar da za a yi ana kwatanta "ci" da "cinye" za su yi aikin da awa guda ta bayani da Ingilishi zalla ba za ta yi ba. Wannan kuwa yana bukatar sashen Hausa da sashen Ingilishi su riƙa zama tare, domin ɗalibi ɗaya suke koyarwa.

Kammalawa

An ga cewa aikatau mai rakiya shi ne ƙashin bayan Ingilishin yau da kullum, kuma wuyarsa tana cikin yawan ma'ana da jerin kalmomi. An ga kuma cewa waɗanda ake bukata ƙwarai ba su wuce a ƙirga su ba, sa'an nan Hausa tana da hanyoyinta na faɗin ƙarewa da rabuwa da nufowa, tana kuma da salon maganarta da ba a fassarawa kalma da kalma. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Ɗan garin da zai shigar da ɗalibi wannan lungu na Ingilishi shi ne harshen da ya tashi da shi, muddin ya san nahawunsa sani na haƙiƙa. Wanda ya raina nahawun Hausa don ya ga yana jin harshen, ya yar da fitilar da za ta haska masa hanya a harshen wasu.